Turke da akurki: Asusun da ke biya mana kuɗin makaranta

Da yawa daga cikinmu da ke jami'o'i da kwalejoji a yau, idan aka bi diddigin kuɗin rajistar da muka biya a farkon zango, za a tarar daga turke ya fito. Ko dai Baba ya kai rago kasuwa, ko Inna ta sayar da bunsuru, ko an kama zakaru an miƙa wa dillali. Iyayenmu ba su da albashi, amma suna da tumaki da awaki da kaji a bayan ɗaki. Su ake waiwaya duk lokacin da ta kama, walau rashin lafiya, ko suna, ko sayen takin zamani, ko ɗalibi ya bugo waya ya ce abinci ya ƙare. Abin mamaki, mu da muka fi kowa cin moriyar wannan asusu, mu ne kan gaba wajen toshe hanci idan mun dawo hutu aka ce mu share turke.

Yadda yini ke tafiya

Ana idar da sallar asuba aiki ke farawa. A share turke, a tara kashin a juji domin kai wa gona, a jiƙa dusa da ɗan kanwa, a canza ruwan sha, sannan a buɗe akurki a watsa wa 'yan tsaki tsaki. Da rani akan saki awaki su yi yawonsu su dawo da yamma. Da zarar an yi shuka kuwa dole a ɗaure su, domin akuyar da ta faɗa gonar maƙwabci tana iya kai mai ita gaban mai unguwa. Daga nan lauje da buhu sun zama abokan ƙannenmu, kullum bayan an tashi daga makaranta sai an je yankan ciyawa.

Kaka ita ce lokacin tanadi. A lokacin ake ɗaure harawar wake da ta gyaɗa a jibge a kan rumfa ko a reshen bishiya, a tara kowar wake a buhuna. Gidan da ya yi sakaci, bazara ce za ta tona masa asiri, sa'ad da ciyawa ta ƙare, harawa ta yi tsada, dabbobi suka rame.

Kowace dabba da lissafinta

Tunkiya da akuya sukan yi kimanin wata 5 da ciki. Kaza tana kwanci kwana 21, ƙwan zabi kuma yana kaiwa kwana 26 zuwa 28, kuma galibi kaza ake sa wa ta ƙyanƙyashe shi. A gidaje da dama da kaza ɗaya ake fara wa yaro jari. In ta yi albarka a sayar da 'ya'yanta a sayi 'yar akuya, akuya kuma wata rana ta zama tunkiya.

Irin dabba ma abin lura ne. Balami ya fi girma, shi ya sa masu kiwon ragon layya ke rububinsa. Uda ana gane shi da launinsa biyu, gabansa baƙi ko ja, bayansa fari. 'Yanƙasa kuwa shi ya fi yawa a gidajenmu saboda juriyarsa. A ɓangaren awaki, jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake dangantawa da Maraɗi, ta yi suna wajen haihuwar tagwaye da kyawun fata. Iyayenmu mata sukan sayi ramammen rago wata uku ko huɗu kafin Babbar Sallah, su ɗaure shi su yi ta ɗura masa dusa da harawa, sannan a kai shi kasuwa irin ta Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis.

Inda asusun ke yoyo

Duk wanda ya taso a gidan kiwo ya san baƙin cikin buɗe akurki da hunturu a tarar da kaji sun yi lagwas, wasu na zawo, wasu wuyansu ya murɗe. Wannan ita ce cutar da likitocin dabbobi ke kira Newcastle, tana iya share akurki cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta da magani in ta kama. Awaki da tumaki su ma suna da tasu annobar, wato PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo. An fara gano ta a ƙasar Kwaddebuwa a 1942, kuma hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan kawar da ita. Ga tsutsar ciki da damina, ga shirwa da muzuru masu ɗauke 'yan tsaki, ga kuma ledar da muke yarwa barkatai, wadda akuya ke haɗiyewa ta cunkushe mata tumbi, ta yi ta ramewa har ta mutu.

Idan irin wannan asara ta auku, ba dabba kawai aka rasa ba. Sau da yawa wata ƙanwarmu ce za ta zauna a gida zangon nan, ko a ɗage wa wani rubuta jarrabawa sai baɗi.

Abin da ya rage gare mu

Rigakafi ya fi magani, kuma a nan ne karatunmu zai yi rana. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana sarrafa allurar rigakafin waɗannan cututtuka biyu. Ta kaji akwai wadda ɗigawa kawai ake yi a ido, a maimaita bayan 'yan watanni, ta PPR kuwa allura ɗaya tana kare dabba na tsawon shekara 3. Cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ita ta samar da kazar ƙwai ta Shika Brown, wadda ta dace da yanayinmu. Iyayenmu da dama ba su ji labarin waɗannan ba, mu kuwa wayar da ke hannunmu ta isa ta kai mu gare su.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, hutun da ke tafe mu leƙa ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukumarmu mu tambayi lokacin rigakafi. Kwalbar allurar kaji ta fi ƙarfin gida ɗaya, sai mu haɗa maƙwabta a yi rana guda. Duk dabbar da aka sayo daga kasuwa a ware ta na mako biyu zuwa uku kafin a haɗa ta da na gida. Mu samu ɗan littafi mu riƙa rubuta ranar haihuwa da ranar allura da kuɗin dusa, ta yadda in an sayar da rago za a san riba aka ci ko faɗuwa aka yi. Mu kuma tsince ledar da ke tsakar gida da bakin hanya. Iyayenmu sun ɗaure mana rago mun yi karatu, ya kamata karatun nan ya dawo ya tsare musu turke.