Amsoshin Wasiƙunku: Nawa Kwabo Mai Huji Yake Yi?

Wani mai saurarenmu daga Dawanau ya aiko mana da tambaya. Ya ce ya gaji tsofaffin kuɗi a adakar kakarsa, su anini da kwabo mai huji, ɗansa kuma ya duba a intanet ya ga ana kiran dubban daloli. Shin ya yi arziki ke nan?

To Malam, bi sannu. Kai ɗan kasuwa ne, ka san kuɗin da mai buhun gero ya sa wa kayansa daban, wanda aka yi sallama a kai daban. Haka abin yake a can. Kowa na iya rubuta kuɗin da ya ga dama, sai ka sa yaron ya nemo wanda aka riga aka saya. Shafuka irin su Numista suna nuna yawan da aka buga, da darajar kowanne gwargwadon lafiyarsa.

Kwabo mai huji tun 1907 Turawa suka fara buga shi, miliyoyi aka yi ta fitarwa, ana kashe shi har Naira ta zo a 1973. Abin da ya yi yawa haka, ga shi ya sha hannu ya goge, da wuya ya yi tsada. Sai ɗaiɗaikun shekaru da aka buga kaɗan.

Don Allah kada ka dirje su da toka ko lemon tsami, masu saye sun fi son su da tsufansu. Wanda kuma ya ce ka fara biyan kuɗin rajista kafin ya haɗa ka da wani Bature, ɗan damfara ne, kada ka ba shi ko sisi.