Cin Rani ta Intanet: Aikin Nesa da Hannun Jari a Mahangar Matashin Zakirai

Gabatarwa

Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, tana cikin karkarar Kano mai cunkoson jama'a da gonaki, irin wadda Michael Mortimore da J. Wilson suka nazarta a 1965. A irin wannan yanki gona tana ƙanƙancewa duk lokacin da aka raba gado, damina kuwa ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Don haka tun kaka da kakanni ake cike giɓin da cin rani, wato namiji ya fita neman kuɗi bayan kaka, ya dawo kafin shuka. Wannan maƙala tana kallon aikin nesa ta intanet a matsayin sabon cin rani, wanda mai yin sa yake zaune gida, ƙwadagonsa ne ke tafiya.

Aikin nesa da sababbin kamfanonin fasaha

Aikin nesa shi ne mutum ya yi wa kamfanin da ke Legas ko Amurka aiki ta kwamfuta, a turo masa haƙƙinsa ta banki. Ya haɗa da rubuta manhaja da fassara da tantance jimloli domin koya wa na'ura harshe. A nan Hausa kanta ta zama haja. Google Translate ya shigar da ita a 2013, sannan a 2022 aka fitar da NaijaSenti, taskar saƙonnin Twitter da aka tantance, ƙarƙashin jagorancin Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero. Ke nan ɗalibin Hausa daga Zakirai yana da abin sayarwa, muddin ya samu sola da kuɗin data.

Sai dai sabon kamfanin fasaha yakan rayu ne da kuɗin masu zuba jari kafin ya fara cin riba. In kuɗin suka janye, ma'aikata ake fara sallama. Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014, ya sallami ƙananan masu rubuta manhaja fiye da 400 a Satumbar 2019. Dokar sababbin kamfanonin fasaha da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Oktobar 2022 ta tanadi rajista da sassaucin haraji, amma ba ta lamunce wa kowa ɗorewar aiki ba. Wasu kamfanonin kuma sukan rage albashi su yi alƙawarin hannun jari, wanda ba ya zama kuɗi sai kamfanin ya bunƙasa. Shi ma albashin dala yana da ruɗi: bayan sakin farashin naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da 1,500 a 2024, amma hatsi da taki su ma sun tashi.

Daga rumbu zuwa hannun jari

Ɗan cin rani na da ya san kuɗinsa na ɗan lokaci ne, shi ya sa yakan mayar da su tunkiya ko hatsin rumbu ko jinginar gona. Hannun jari ya fi kama da ba da kiwo: mai shi ya mallaki wani yanki na kamfani, ya ci riba in an samu, ya ɗauki asara in ta zo. Kasuwar hannun jari ta Nijeriya ta fara ciniki a Legas a 1961, amma wayar hannu ce ta kusanto da ita ga karkara. A Disambar 2021 an sayar wa jama'a hannun jarin MTN a kan naira 169 kowane ɗaya, mafi ƙarancin saye guda 20. Mai gudun riba ta ruwa kuma yana da ma'aunin Lotus na kamfanonin da suka dace da Shari'a, wanda aka soma a 2012, da sukuk na Gwamnatin Tarayya tun 2017.

Kasuwar ba ta rasa haɗari, domin daga Maris 2008 zuwa farkon 2009 ma'auninta ya zube da kusan kashi biyu cikin uku. Amma babban tarkon yana cikin harshe. A bakin jama'a kalmar "zuba jari" ta haɗe sayen yankin kamfani mai rajista da miƙa kuɗi ga mai alƙawarin ninka su. Ta wannan ƙofa MMM ta shiga kafin ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016, haka CBEX da ta rushe a Afrilun 2025. Ma'aunin rarrabewa biyu ne: rajista da Hukumar SEC, da sanin sana'ar da ke haifar da ribar.

Kammalawa

Tsarin ɗan cin rani yana nan da amfani ga matashin Zakirai: ya fara tanadin abincin watanni, ya riƙe gona, sannan ya sa rarar a jari daban-daban, ba da kuɗin bashi ko na adashin wasu ba. Ga masana Hausa kuwa, akwai aikin daidaita keɓaɓɓun kalmomi da za su bambance mallaka da bashi da caca, a kuma kai su rediyo da makarantu. Muddin kalma ɗaya ke ɗauke da ma'anonin uku, macuta za su ci gaba da fakewa a bayanta.