Damuwa a Ajin Sakandare

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane matasa bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka kan fara kafin shekara 14. Wato daidai lokacin da yaro ke ƙaramar sakandare.

Ciwon damuwa a wurin matashi ba lallai ya zo da kuka ba. Sau da yawa saurin fushi ne, ko barci ya ƙaurace, ko ya yi yawa, ko yarinyar da ke kan gaba a aji ta fara jan baya, ta daina shiga cikin ƙawaye. A gida sai a ce lalaci ne ko shafar aljanu, a makaranta a ɗauko bulala. Bulalar kuwa ba abin da take ƙarawa sai ɓoye ciwon. Ga fargabar jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, ga cin zalin siniyoyi a makarantun kwana, ga waya da ke cinye dare alhali matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Nijeriya a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma doka ba ta zaunawa ta saurari yaro. Idan sauyin halin yaro ya wuce mako biyu, a kai shi asibiti. Idan kuwa ya ambaci kashe kansa, ko da wasa, a kai shi a ranar.