Yaro Mai Jin Harsuna Uku

Mu'aither wata unguwa ce a yamma da birnin Doha, cikin ƙasar Katar. A ƙasan nan baƙi sun fi 'yan gida yawa nesa, gama a cikin mutum 10 ba a samun 'yan ƙasa 2. Larabci shi ne harshen hukuma, amma a kanti da wurin aiki galibi da Turanci ake fahimtar juna.

To, Bahaushen da aiki ya kai shi Mu'aither da iyalinsa, ɗansa yakan tashi da harsuna uku a kunne. Yana jin Hausa a bakin uwa tasa, Larabci a masallaci da wurin 'ya'yan maƙwabta, Turanci kuwa a makaranta. Iyaye da yawa sukan ji tsoron kada abin ya rikita yaro, ko ya hana shi yin baki da wuri.

Masana sun daɗe suna duba wannan al'amari. A 1913 wani Bafaranshe, Jules Ronjat, ya buga labarin renon ɗansa. Shi yana yi wa yaron Faransanci, uwar tana yi masa Jamusanci, yaro kuwa ya iya duka biyu sosai. Binciken baya ma ya nuna yawan harsuna ba ya hana yaro fara magana a kan lokaci. Gaskiya ne yakan gauraya su. A Larabcin Katar "mai" shi ne ruwa, saboda haka in yaro ya ce a ba shi mai, wataƙila ƙishirwa yake ji. Wannan ba ruɗewa ba ce, kalmar da ta fi kusa da bakinsa ya ɗauka, yau da gobe zai rarrabe su.

Abin tsoro dai shi ne Hausar ta ɓace. Larabci yana da gata, har a 2019 Katar ta kafa dokar kiyaye shi. Turanci yana da makaranta da talabijin. Hausa kuwa ba ta da kowa sai mutanen gida.

A ƙasar Sudan an ga yadda harshe ke rayuwa a baƙon wuri. Bayan yaƙin Burmi a 1903, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka yi gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Jikokinsu sun iya Larabci, amma da yawa ba su saki Hausa da Fulatanci ba, domin da su ake ciniki da biki da wasa a dandali. Watau yaro yana riƙe harshen da yake bukata ne.

A Mu'aither babu irin wannan dandali, sai iyaye su maye gurbinsa. Su riƙa yi wa yaro Hausa ko da ya amsa da Turanci, kada su yi masa dariya in ya yi kuskure. Su yi masa tatsuniya da dare, su haɗa shi da kakanninsa ta waya, su kai shi gida lokacin hutu. In ba haka ba, ran da ya je Kano sai ya tsaya gaban kakarsa yana neman tafinta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.