Yadda Ake Binciken Ciwon Waya Tsakanin Madina Da Gida

A zamanin da, in mutumin Kano ko na Katsina ya ɗauki sandarsa ya nufi gabas, akan yi shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba, sai fa in wani alhaji mai komowa ya zo da wasiƙa. Yau kuwa alhaji yana zaune a masaukinsa kusa da Masallacin Annabi a Madina, yana ganin fuskar iyalinsa yana magana da su. A shekarar 2023 kujeru 95,000 aka ba Nijeriya na aikin Hajji, mafi yawan mahajjatan kuwa sukan ziyarci Madina. Ga kuma ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka buɗe a 1961. Duk waɗannan suna bukatar jin muryar gida. Amma sau da yawa sai murya ta sarƙe, hoto ya daskare, kowane ɓangare yana cewa laifin na wancan ne.

To, masana suna da hanyar gane inda laifin yake, kamar yadda likita yakan bi jikin majiyyaci gaɓa gaɓa.

Da fari ya kamata a san yadda maganar take tafiya. Manhajar da ake leƙa intanet da ita, watau burauza, irin su Chrome da Firefox, tana da wata dabara a cikinta mai suna WebRTC. Kamfanin Google ne ya sake ta ga jama'a a 2011, aka tabbatar da ita ta zama ƙa'idar duniya a watan Janairu na 2021. Aikinta shi ne ta yayyanka muryar mutum gutsure gutsure, kamar ƙunshi 50 cikin kowane sakan, ta aika da su ɗaya bayan ɗaya. A can ɗaya gefen sai a harhaɗa su, su koma magana.

Daga Madina zuwa Kano kimanin kilomita 3,600 ne in an miƙe. Haske a cikin wayar gilashi yakan ci kilomita 200,000 a sakan guda, ashe ke nan nisa ba wani abu ba ne. Sai dai ƙunshin ba ya miƙewa. Sau da yawa yakan bi wayoyin ƙarƙashin Bahar Maliya, ya ratsa Masar, ya leƙa Turai, sa'an nan ya gangaro ta gaɓar Afirka ta Yamma ya sauka Legas, kafin ya hau arewa. Hukumar sadarwa ta duniya ta yi ƙiyasi cewa in jinkirin tafiya bai wuce kashi 150 cikin 1,000 na sakan ba, masu magana ba za su lura ba. In ya haura kashi 400 kuwa, sai su riƙa katse juna, wannan ya fara, wancan ma ya fara, su duka su yi shiru.

Amma jinkiri ba shi ne babban mugu ba. Abin da ya fi ɓata hira shi ne ƙunshin su riƙa isowa ba bisa tsari ba, ko waɗansu su salwanta a hanya. Ayarin fatake in ya makara duka tare, a jira shi ne kawai. In kuwa jakuna suka warwatse, na baya ya riga na gaba, waɗansu suka ɓace, to, kaya sun tashi daga aiki. Burauza takan tsare ƙunshin da suka iso na ɗan lokaci don ta jera su, in ɗaya bai zo ba ta ƙaga abin da zai cike gurbinsa. Wannan shi ne sa'ad da muryar mutum takan koma kamar ta ƙarfe. Hoto kuma ya fi murya cin hanya nesa ba kusa ba, don haka mai hankali, in ya ga abin ya fara tangarɗa, yakan kashe hoton ya tsira da maganar.

Mai bincike yakan fara ne daga abin da ke hannunsa. Burauza ba ta buɗe makirufo ko kamara sai an ba ta izini, mutane da yawa kuwa sukan hana ta ba da saninsu ba, su dinga jin wancan, wancan ba ya jinsu. Akwai kuma wani abin mamaki game da amsa-kuwwa. Wanda yake jin muryarsa tana komo masa, ba a wurinsa ciwon yake ba. Na'urar abokin maganarsa ce take maido da sautin daga lasifika zuwa makirufo. Maganin yana Kano, ko da yake mai kukan yana Madina: na gida ya sa abin saurare a kunne, shi ke nan.

In kuwa kiran bai shiga ba sam, akan duba ƙofa. Kwamfutocin da ke cikin otal ɗaya duk a bayan adireshi guda suke ɓuya, kamar gidan yawa mai zaure ɗaya. Don haka burauza takan tambayi wata na'ura a waje, mai suna STUN, ta gaya mata adireshin da duniya ke ganinta da shi. In masu gidan sun garƙame zauren, sai a koma ga wata mai suna TURN, wadda take karɓar saƙon nan ta miƙa can, kamar dillali. Hanyar dillali ta fi tsawo, amma ta fi babu. Gwajin nan ba shi da wuya: alhaji ya bar intanet na otal ya koma na layin wayarsa. In magana ta gyaru, an kama mai laifi, musamman bayan sallar isha'i, sa'ad da ɗaruruwan baƙi sukan komo masauki su kira gida a lokaci guda.

Masu gyara suna da abin da ya fi wannan zurfi. A cikin Chrome akwai wani ɓoyayyen shafi mai suna webrtc-internals. In an buɗe shi ana cikin kira, yakan zana yawan ƙunshin da aka aika, da waɗanda suka ɓace, da tsawon jinkiri, da kuma ko ta hannun dillali aka bi. Ana iya adana wannan lissafi a aika wa masani ya duba.

Har wa yau akwai ciwon da ba ya cikin ɗaki. Hukumomin Saudiyya sun daɗe da toshe kiran intanet, sai a watan Satumba na 2017 suka buɗe wa manhajojin da suka cika sharuɗɗansu. Ranar 14 ga Maris na 2024 kuma wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka yanke daura da ƙasar Kwaddibuwa, intanet ya raunana a Nijeriya da maƙwabtanta. Azumi ne a lokacin, Madina cike da masu Umra, gyaran wayoyin kuwa sai da jiragen ruwa suka fita, aka ɗauki makonni.