Renon Fulawa Mai Yaɗo a Ɗakin Haya: Misali Daga Nima da Maamobi

Gabatarwa

Nima da Maamobi unguwanni ne biyu masu maƙwabtaka da juna a birnin Accra, babban birnin ƙasar Gana, wanda Hausawa tun zamanin fatauci suke kira Ankara. Suna cikin unguwannin da ake ce wa zango, wato inda baƙi daga arewacin Gana da Nijeriya da Nijar da Mali da Burkina Faso suka sauka har suka zama 'yan gari, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da kan titi. Nima ta fara kafuwa ne a shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, wani Bafillace mai fataucin shanu, ya samu fili daga hannun mutanen Ga, masu ƙasar. Wurin da aka yi kiwo a da, yau ya cika ya batse. Gida yana jingine da gida, lungu wani lokaci bai wuce faɗin mutum biyu ba, kuma iyali da yawa suna zaune ne a ɗaki ɗaya ko ciki da falo, suna tarayya da sauran 'yan haya a tsakar gida ɗaya.

A irin wannan wuri, wanda yake son ganin ɗanyen ganye a ƙofarsa ba shi da lambu. Abin da yake da shi shi ne taga, da baranda, da tsohon bokitin fenti. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ake renon wata fulawa mai yaɗo a cikin wannan ɗan wuri. Ɗalibi ya lura cewa kalmar fulawa ta aro ce, kuma tana da ma'ana biyu: garin alkama, da kuma shukar da ake ajiyewa don ƙawa. Fure kuwa shi ne abin da shukar take fitarwa. Yaɗo shi ne irin tafiyar da kabewa da duma da soso suke yi a ƙasa ko a kan danga.

Wace fulawa ce?

Masana tsirrai suna kiranta Clerodendrum thomsoniae. Sunanta na Ingilishi ma'anarsa ita ce zuciya mai zubar da jini, don haka a nan za a riƙa ce mata zuciya-mai-jini. Wanda ya gan ta sau ɗaya zai gane dalili. Kowane fure yana da farar riga mai kusurwa biyar, a kumbure kamar 'yar jaka, sannan wani jan fure ya leƙo daga bakinta da dogayen zare. Furannin suna fitowa a dunƙule, takwas zuwa ashirin a wuri ɗaya. Jan furen yana faɗuwa bayan 'yan kwanaki, amma farar rigar tana daɗewa makonni, tana rikiɗewa a hankali zuwa ruwan hoda. Danginta ɗaya da na'ana'a da ɗoɗɗoya, ko da yake ba ta yi kama da su ba. Idan ta samu abin hawa tana iya kai mita 4.

Asalinta dazuzzukan Afirka ta Yamma ne. Wani ɗan mishan mutumin Sikotilan, William Cooper Thomson, wanda ya yi aiki a Kalaba ta Nijeriya, shi ne ya aika da ita lambun tsirrai na Edinbara, kuma a shekarar 1862 masanin tsirrai John Hutton Balfour ya yi bayaninta ya raɗa mata sunan matar Thomson. Daga nan ta shiga gidajen Turai da Amurka, inda ake lallaɓa ta kamar ƙwai, domin sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 yana yi mata illa.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai reno. Yawancin shawarwarin da ake karantawa a littattafai da intanet an rubuta su ne don mutanen ƙasashen sanyi, waɗanda babban aikinsu shi ne samar mata ɗumi. A Accra ɗumi kyauta ne shekara duka. Abin da take rasawa a ɗakin Nima shi ne haske, sai kuma laima a lokacin hunturu.

Akwai wasu masu yaɗo da ake gani a katangun birni, amma ba su dace da ɗaki ba. Boganbiliya, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, tana son rana tsagwaronta, kuma tana da ƙaya. Alamanda mai ruwan ɗorawa tana da farin ƙaro mai guba. Gatarin kurege, wanda masana ke kira Gloriosa superba, ya fi su duka haɗari, domin saiwarsa tana kama da ƙaramar doya kuma cinta yana kisa. Gidan da yara suke rarrafe a tsakar gida ba wurinsa ba ne.

Haske

A daji, zuciya-mai-jini tana tsirowa ne a bakin kurmi, saiwarta a inuwa, kanta yana neman sama. Haka take so a gida: haske mai yawa, da ranar safe ta awa biyu ko uku, ba tare da ƙunar ranar azahar ba. Tagar da ta fi dacewa ita ce ta gabas. Musulmin Accra ba ya bukatar na'ura kafin ya gane ta, domin alƙibla daga can tana gabas ne, ta ɗan karkata arewa. Tagar da take bangon da ake fuskanta wajen salla, ita ce mai samun hantsi.

Littattafan Turai sukan ce a ajiye shuka a tagar kudu. Wannan gaskiya ne a Ingila, inda rana ba ta taɓa bi ta arewa da tsakar rana. Accra kuwa tana kusa da tsakiyar duniya, digiri biyar da rabi kawai a arewa da shi. Daga watan Afrilu zuwa farkon Satumba rana tana bi ta arewacin birnin, sauran watanni kuma ta bi ta kudu. Saboda haka tagar da take da haske a Disamba tana iya zama cikin inuwa a Yuni. Tagar yamma kuma tana da tata matsala: ranar la'asar tana gasa ƙarafan taga, har su ƙona reshen da ya nannaɗe su.

Sai dai a zango fuskar taga ba ita kaɗai ce magana ba. Sau da yawa bangon maƙwabci yana nan taku biyu daga tagar, ga ragar sauro da ta sha ƙura, ga labule. Akwai hanyar gwaji mai sauƙi. Da hantsi a kashe fitila, a ɗaga hannu a inda ake son ajiye shukar. Idan inuwar yatsu ta fito sarai a bango ko a ƙasa, hasken ya isa. Idan ba a ga inuwa ba, shukar za ta rayu, ta yi dogayen rassa sirara da ganye jefi-jefi, amma ba za ta yi fure ba ko an shekara ana zuba mata taki. Mafi yawan masu cewa tasu ta ƙi fure, duhu ne ya hana ta. A irin wannan hali baranda ta fi cikin ɗaki. Amma baranda a gidan haya ba ta mutum ɗaya ba ce. Nan ake girki, nan ake shanya. Ya kamata a nemi yardar maigida da maƙwabta tukuna, ko da da 'yar magana ce kamar, "Baba, don Allah zan ajiye bokitin fulawa a gefen ƙofata, ba zai tare hanya ba." Haka kuma a ɗaga ta daga inda tumaki da awaki za su kai baki, kuma a nisanta ta da murhun gawayi.

Mazubi da ƙasa

Bokitin fenti ko jarkar da aka yanke ta isa, muddin an huda gindinta da ƙusa mai zafi wuri biyar ko shida. Kada mazubin ya yi girma da yawa, domin wannan fulawa ta fi yin fure idan saiwarta ta ɗan matsu. Ƙasa kuwa a haɗa baƙar ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. Kashin tumaki ba ya wuya a Nima, balle bayan Babbar Salla, amma sai wanda ya daɗe ya huce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Ɓawon kwakwa, wanda masu sayar da kwakwa suke tarawa a bakin titi, idan aka daddatsa shi aka jiƙa aka cuɗa da ƙasar, yana riƙe laima ba tare da ƙasar ta zama taɓo ba. Takin zamani a yi hattara da shi: ɗan tsunkule a wata ya wadatar a lokacin da take toho. Idan ya yi yawa sai ta yi ta ganye, fure ya ragu.

Ba ta da 'yan hannuwan da soso yake kama danga da su. Reshen ne da kansa yake nannaɗe abin da ya samu, don haka a ɗaura mata igiya ko a kafa mata siririyar gora, a riƙa bi da sabon reshe da hannu tun yana da taushi.

Ruwa

Mutum zai ɗauka cewa birnin da ke bakin teku ruwan sama ya wadace shi. Ba haka ba ne. Accra tana cikin wurare mafiya ƙarancin ruwa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Abin da take samu a shekara bai kai milimita 900 ba, alhali garin Axim da ke yammacin gaɓar yana samun fiye da 2000. Damina biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan famfo kuma ba kullum yake zuwa ba, shi ya sa gidaje suke cike da rawayen jarkokin nan da aka laƙaba wa sunan Shugaba Kufuor, wanda ya yi mulki daga 2001 zuwa 2009. Inda ake sayen ruwa da kuɗi, dole a yi lissafin abin da za a ba shuka.

Abin farin ciki, ba ta bukatar ruwa mai tsada. Ruwan alwala da aka tara a roba ya dace ƙwarai, haka ma ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi. Wanda ba ya yi shi ne ruwan wanki mai omo, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse na Accra yana da ɗanɗanon gishiri, kuma alamarsa ita ce farin ɓawo a saman ƙasa da ƙonewar bakin ganye. Idan an ga haka, a fitar da bokitin waje ranar da ake ruwan sama ya wanke ƙasar.

Ƙa'idar ban ruwa ita ce a tsoma yatsa cikin ƙasa. Idan saman ya bushe kamar tsawon gaɓa ɗaya, a zuba har ya fito ta gindi. Idan da danshi, a bari. Lokacin zafi na Fabrairu da Maris, a ƙarƙashin rufin kwano, tana iya neman ruwa kullum. A Yuni kuwa sai ta yi kwana uku ba ta nema ba. Ƙishirwa tana sa ganyenta ya yi laushi nan da nan, amma da ta sha sai ta miƙe. Yawan ruwa ya fi ƙishirwa haɗari, domin ganye zai yi rawaya, saiwa ta ruɓe, kuma kafin a farga aikin gama ya gama. Ruwan da ya taru a farantin da ke ƙarƙashin bokiti a zubar da shi a ranar. Barin sa kwana da kwanaki gayyatar sauro ce, kuma babu furen da ya kai darajar lafiyar yaran gida.

Hunturu da aski

Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan iso Accra. Ba ta kai ta Kano ko Maraɗi ƙarfi ba, amma ta isa ta busar da iska ta lulluɓe ganye da ƙura. A wannan lokaci zuciya-mai-jini takan daina toho, ta zubar da wasu ganyaye, wani lokaci ma ta zama kamar busasshen kara. A nan ne mutane da yawa suke jefar da ita a bola, suna zaton ta mutu. Kafin a yanke hukunci, a ɗan kankare bayan reshe da farce. Idan cikin kore ne, tana da rai, hutu take yi. A rage mata ruwa, a daina taki, a riƙa goge ganyen da ya rage da jiƙaƙƙen tsumma.

Bushewar iska ita ce ke kawo ƙwari. Akwai wasu farare da suke taruwa a hammatar ganye kamar auduga, akwai kuma wasu ƙanana ƙwarai masu yin siririyar yana a bayan ganye har ya koɗe. Ɗan sabulun salo, wanda a Gana ake ce wa alata samina, idan aka narkar da shi a ruwa mai yawa aka wanke ganyen gaba da baya da yamma, yana maganinsu. A maimaita bayan mako guda, domin wankin farko ba ya kashe ƙwai. Ruwan dakakken 'ya'yan darbejiya ma yana taimakawa. Maganin feshi na gona bai kamata ya shiga ɗakin da ake kwana ba.

Idan hunturu ya wuce, wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, sai aski. Wannan fulawa a kan sabon reshe take fure, don haka wanda ya ji tausayin yanke tsofaffin rassa zai samu doguwar igiya mai fure a can ƙarshe kawai, kusa da silin. A rage kowane reshe da kamar rabi, a yanka daidai saman gaɓa, a sabunta ƙasar saman bokiti, sannan a koma ban ruwa sosai. Cikin 'yan makonni toho zai fito daga gaɓoɓin, furanni su biyo baya tare da damina.

Rassan da aka yanke ba shara ba ne. A zaɓi mai tsawon santimita 10 zuwa 15, mai gaɓa biyu ko uku, a cire ganyen ƙasa, a tsoma shi a kwalbar ruwa a inuwa mai haske, a riƙa canja ruwan bayan kwana biyu. Idan farar saiwa ta fito ta kai tsawon yatsa, a dasa shi a gwangwanin tumatir, a bar shi a inuwa mako guda kafin a matsar da shi bakin taga.