Idan Tarakta Ta Daina Ɗaga Garma

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta ratsa Birnin Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza da Galmi gab da faɗuwar damina, ko lokacin shirin dashen albasa, zai ga tsofaffin taraktoci a bakin gareji, da yawansu jajayen Massey Ferguson ne da suka girmi direbobinsu. Sau da yawa injin lafiyarsa lau, yana tashi da bugu ɗaya. Kukan mai ita shi ne "ba ta ɗagawa": hannuwan baya sun ƙi tashi da garma, ko su tashi suna shaƙuwa, ko su sauka da kansu da zarar an kashe inji. Hukuncin da aka saba yankewa shi ne tsufa ya kama ta. A ganina wannan hukunci bai cika zama daidai ba. Abin da ya fi kashe haidirolik ɗin waɗannan taraktoci shi ne ƙura, da man da bai dace ba, da haɗa tiyo ba bisa ƙa'ida ba, kuma duk ukun suna da magani a nan gida.

Tushen abin ba shi da wuya. Tun ƙarni na 17 Blaise Pascal na Faransa ya nuna cewa idan aka matsa ruwa a rufaffen mazubi, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. Taraktocin nan suna aiki da matsi na bar 150 zuwa 200, kuma bar ɗaya kusan nauyin kilo ɗaya ne a kan murabba'in santimita. Fistin da faɗinsa ya kai santimita 8 yana da fuska ta murabba'in santimita 50, don haka a bar 170 yana tura fiye da tan 8, ko da yake tsawon hannuwan yana rage abin zuwa tan ɗaya da ɗoriya a inda garma take. Abin da ake yawan mantawa shi ne, aikin famfo tura mai ne kawai; matsi yana tasowa ne sai man ya tarar da abin da ya tare shi. Idan akwai ɓaraka a zoben fistin, man zai bi ta can ya koma ƙasa, famfo na aiki amma hannu ba ya motsi. Wanda bai gane wannan ba zai sayi sabon famfo da kuɗi masu yawa, alhali zoben roba ne ya mutu.

Harry Ferguson, mutumin arewacin Ailan, shi ne ya ƙirƙiro ɗaurin garma mai hannu uku, wanda ya bazu a duniya ta taraktar Ford 9N a 1939 da Ferguson TE20 a 1946, ya kuma gangaro har kan Massey Ferguson (MF) 135 da aka soma ƙerawa a 1964. Dabararsa ita ce hannun sama yana jin nauyin ƙasa. Idan garma ta ci karo da tauri, sai ta danna wani sifirin, shi kuma ya taɓa bawul, garmar ta ɗan ɗaga har a wuce wurin. Ga mai noma a laka mai tauri ta kwarin Maggiya, ko a filin noman rani na Ƙonni mai fiye da hekta 2,000 da madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, wannan shi ne bambanci tsakanin huɗa mai zurfi ɗaya da huɗa mai tudu da kwari inda ruwa ke kwanciya gefe guda. Amma a irin wannan ƙira famfon yana zaune ne cikin cikin taraktar, yana shan mai ɗaya da akwatin giya da gatarin baya, wajen lita 30. Duk garin ƙarfen da haƙoran giya suka zubar, duk ruwan saman da ya shiga ta yagaggiyar robar sandar giya, duk ƙurar hunturun da ta bi mazurari mai datti, sai sun ratsa bawul ɗin da gibinsa bai kai kaurin gashi ba. A zaro sandar gwajin mai a duba: idan ya yi fari kamar an dama nono, ruwa ya shiga, idan yana kumfa, iska yake sha.

Za a ce man da ya dace yana da tsada, kuma abin da ke kasuwa shi ake saye. Gaskiya ne, ba na raina wannan uzuri, musamman ga manomin da bai riga ya sayar da albasarsa ba. Sai dai a yi lissafin duka. Baƙin man da aka juye daga inji yana ɗauke da toka da garin ƙarfe, wasu man giya na manyan motoci kuma suna da sinadarin da ke cin tagullar da ke cikin tsofaffin famfuna. Man da aka yi domin tarakta, mai hidimar giya da haidirolik a haɗe, tare da wanke matata a kan lokaci, bai kai kuɗin famfo ɗaya da aka ɗauko daga Sakkwato ko Kano ba, balle a haɗa da kwanakin da taraktar za ta yi a kwance a daidai makon da kowa ke neman huɗa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen ƙarin tiyo. Taraktocin yankin ba noma kaɗai suke yi ba, suna jan tirela da yashi, duwatsu, taki da buhunan albasa, don haka kowa na son tirelarsa ta riƙa juyewa da kanta. Jak ɗin tirela yawanci mai tiyo ɗaya ne: mai ya shiga ya ɗaga, nauyi ya mayar da shi ta hanyar da ya zo. Jak mai turawa gaba da baya kuwa yana buƙatar tiyo biyu da bawul nasa, da hanyar komawar mai zuwa ma'ajiya a buɗe. Idan aka toshe wannan hanya, ko aka yi ta da siririn tiyo, man zai yi zafi ya ƙona robobi. Idan kuma aka tsaga layin matsi gida biyu da mahaɗi kawai, man zai bi inda ya fi sauƙi, ɗaya ɓangaren ya zauna babu ƙarfi. Famfon MF 135 bai kai lita 20 a minti ba, saboda haka babban jak zai tashi a hankali, kuma ɗaure bawul ɗin kariya ba ya ƙara masa sauri ko kaɗan, sai dai ya kawar da abin da ke hana tiyo fashewa. Akwai kuma batun haƙoran mahaɗi: na Ingila daban, na mita daban, na Amurka daban, suna kama da juna a ido, su shiga zagaye biyu su cije. Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba: tirelar haya da ke yawo daga tarakta zuwa tarakta tana ɗauke da ragowar man waccan ta zuba wa wannan, kan tiyonta kuma yana jan ƙasa a hanya.

Wasu za su ce a bar tsofaffin nan a sayi sababbi. Sabuwar tarakta ma ƙurar Illela da Badagishiri ɗaya za ta shaƙa, bawul ɗinta ya fi na tsohuwar ƙyamar datti, wata ma sai da kwamfuta ake gane ciwonta. Tsohuwar kuwa bakanike na iya buɗe ta a ƙarƙashin bishiya, kayan gyaranta na nan a kasuwa. Wasu kuma za su ce makanikanmu sun san aikinsu da kunne. Sun sani ƙwarai, kuma da ƙwazonsu ne taraktocin suka kawo yau. Amma kunne ba ya bambanta bar 90 da bar 170. Agogon awon matsi ƙaramin abu ne, ana ɗaura shi a mafitar mai ta gefe, cikin minti kaɗan ya nuna ko laifin na famfo ne, na bawul ne, ko na fistin. Ya kamata ƙungiyoyin manoma da ke aiki da ONAHA, hukumar kula da filayen noman rani, a Ƙonni da Galmi, da cibiyoyin koyon sana'a na jihar Tawa, su sa wannan agogo da koyar da karanta shi cikin abin da suke tanada.

Akwai hatsarin da ya wajaba a koya wa kowane yaron gareji tun ranar farko. Mai da ke tsartuwa ta ƙaramar huda a wannan matsi yana iya huda fata ya shige cikin nama, raunin ya yi kamar tsinin allura, amma idan ba a kai mutum asibiti nan take ba yana iya rasa yatsa ko hannu. Da guntun kwali ake neman inda tiyo ke yoyo. Kafin a kwance kowane mahaɗi, a sauke garma ƙasa, a kashe inji, a motsa sandar sarrafawa har matsin ya fita, tirelar da aka ɗaga kuwa a tokare ta da ƙarfe ko gungume kafin kowa ya sa kansa a ƙarƙashinta.